Barmo da Gawon da Ya Ƙi Saruwa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!
Ta ƙaraso mu ji ta.

Wani manomi ne, sunansa Barmo, ya gaji gonar ubansa da itatuwa a ciki: ɗorawa, kaɗanya, da wani tsohon gawo.

Ran nan Gizo ya zo wucewa, yana neman itacen da zai ƙona gawayi. Ya ce, "Malam Barmo, ashe ɓarayi kake kiwo? Duk itacen da ya yi wa gero inuwa, abincinka yake ci. Sare su, ni zan taimake ka da kwashewa."

Barmo ya sare ɗorawa. Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, da me zan yi daddawa?" Ya sare kaɗanya. Ta ce, "Man kaɗe fa?" Gizo dai sai kwasa yake.

Saura gawo. Da damina Barmo ya zo da gatari. Gawo ya ce, "Ɗan marigayi, me na yi?"

"Inuwa kake yi wa gerona."

"Ɗaga kai ka duba."

Barmo ya ɗaga kai. Ko ganye ɗaya babu! Ya sosa ƙeya, ya koma gida.

Da rani ya dawo, ya tarar da gawo kore shar, awaki na kwance a gindinsa suna cin 'ya'yansa. Ya ce, "Yauwa, yau na kama ka! Ga inuwa!"

Gawo ya ce, "Ga inuwa kam. Ina geron?"

Barmo ya duba gabas, ya duba yamma. Ba gero, sai iska tana kwashe ƙasar gona tana barin yashi. Kansa ya ɗaure. Ya je neman Gizo ya warware masa, aka ce Gizo ya sayar da gawayi ya bar gari.

Wata damina ta zo ta wuce. Inda aka sare itatuwa, gero bai kai gwiwa ba. A gindin gawo kuwa, zangarniya kamar damtse. Ita kaɗai ta hana gidan Barmo kwana da yunwa.

Barmo ya zo ba gatari. Ya ce, "Don Allah, Baba Gawo, kai ɓarawo ne ko mai ciyarwa? Mai rai ne ko matacce?"

Gawo ya yi dariya. "Ganyen da na zubar da kashin awakin nan, su geronka ya ci. Je ka duba kututturan 'yan'uwana, sun yi toho. Kada ka sa musu wuta."

Barmo ya kewaye tohon da ƙaya. Har ya tsufa bai gane yadda itace ke tuɓe riga da damina ya sa da rani ba, amma Tabawa ta sake kaɗa miya da daddawarta.

Abin da ba ka gane ba, kada ka yi saurin sa masa gatari.

Ƙurunƙus! Kusu ya ɗauke kan tatsuniya ya shige rami.