Jiƙon Madacin Inna Asiya

'Yan uwa, yau kwana shida hankalina bai kwanta ba. Bijimin da muka turke ya daina tuƙa, ko harawa aka zuba masa sai ya shinshina ya kau da kai. Shi ya tuna mini da wani labarin gidanmu.

Akwai wani mutum a Sukukutane zamanin Nasara, sunansa Ɗantala. Turka shanu yake yi, in sun yi ƙiba ya kora su Dogon Dutsi wurin mahauta. Shanunsa ba su san kumburin ciki ba. Shi ake yabo, alhali aikin mahaifiyarsa ne, Inna Asiya. Kullum da safe takan daka sassaƙen madaci da ganyen sabara, ta jiƙa da 'yar kanwa, ta kwaɓa musu dusa da ruwan.

Takan ce, "Ɗantala, zamna ka ga yadda nike yi."

Sai ya yi dariya. "Inna, madaci ne, sabara da kanwa. Mi ya rage? Bari sai gobe."

Ana nan kwamandan Nasara ya aiko aka kwashi maza aikin hanya. Wata bakwai Ɗantala yana fasa dutse. Ya dawo ya tarar Inna ta rasu, har an yi sadakar arba'in ɗinta.

Da ya samu kansa, ya turke wani sa, ya haɗa jiƙon da kansa. Kwana biyu san ya kama zawo. A na huɗu dole aka yanka shi.

Ɗantala ya zauna kusa da turmin Inna yana shafa bakin turmin. Matarsa Ramatu ta kawo masa fura.

"Maigida, ruwan farko ka ba shi?"

"Akwai na biyu?"

"Inna zubar da na farko take yi, wai ɗacinsa ya fi ƙarfin hanji."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Na zo in faɗa, ka ce ba zancen mata ba ne."

Ya ce, "To kanwar fa, yaya take aunawa?"

"Wannan ban gani ba. Bayanta nike zama."

Har ya tsufa shanunsa ba su koma kamar na da ba. In ya ji daka da safe a maƙwabta, sai ya tsaya cak yana saurare.

Ɗantalan nan kakana ne. 'Yarsa, wato mahaifiyata, ta yi shekaru tana gwadawa kafin hannunta ya kama awon kanwar. Sau nawa ta kira ni in gani, ni ma ina cewa gobe. Tana nan da rai a Tibiri. Ranar Juma'a na je na tambaye ta, ta yi mini murmushi ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

Darasi: Sanin sunan magani ba shi ne iya haɗa shi ba. In tsohuwarka ta ce zauna ka gani, ka ajiye komai ka zauna yau. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.

Ni dai na rasa mafita. Likitan dabbobi ya ce zai zo, amma zuciyata na Tibiri. In kai mata turmi da kanwa in ajiye a gabanta, ko hannunta zai tuna abin da ta manta? Ko kuwa wahalar da ita zan yi? Don Allah ku ba ni shawara.