Jakar Murjanin Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani daji aka yi Bushiya da ƙawarta Zabuwa. Zabuwa tana da murjanin da ta gada wurin uwarta, ba ta da abin tunawa da tsohuwar sai shi. To, kun san Zabuwa da wankan ƙasa. Duk sanda za ta yi birgima sai ta tuɓe murjanin ta rataye a reshe, sai Hankaka ya faki idonta ya sure sili ɗaya. Yau haka, gobe haka, har ya rage saura guda.

Ta zo wurin Bushiya tana kuka, ta ce, "Ƙawata, in wannan ya tafi, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya."

Abin ya ƙona wa Bushiya rai. Ba ta da abin hannu, amma ta iya ɗinki. Sai ta tsinto ƙyallen shuɗi a bayan marina, ta cije baki ta tumɓuke ƙaya ɗaya daga bayanta, ta huda ta yi allura, ta zauna gindin kuka tana ɗinka 'yar jaka.

Sai ga Hankaka, ya ce, "Sannu da aiki, Uwar Ƙaya. Me ake ɗinkawa?"

Ta ce, "Jakar murjani ce, kyauta zan yi wa ƙawata."

Ya ce, "Ai bakin ya yi kaɗan, ƙara masa faɗi."

Bushiya ta dubi girman kansa, ta dubi bakin jakar, ta ce, "To." Ta farke, ta ƙara faɗi.

Washegari ya dawo, ya leƙa, ya ce, "Cikin ya yi duhu. Ki yi mata shafi da farin ƙyalle, mai nema ya riƙa gani da kyau."

Ta ce, "To." Ta yi shafin.

Ya sake dawowa, ya ce, "Ki sa mata igiya mai tsawo, a riƙa rataye ta can sama."

Ta ce, "To." Hankaka ya tashi yana ƙyaƙyata dariya, wai bai taɓa ganin sakarya irin wannan ba. Ita kuwa ta kalmashe bakin jakar, ta zura igiyar ciki ta zagaya, yadda ake zura wa wando mazagi. Ɓarawo bai san ɗinki ba, shi dai ya ga igiya.

Bushiya ta kai wa Zabuwa kyautarta, suka saka murjanin ciki, suka ɗaura jakar a reshe. Zabuwa ta shiga birgima. Bushiya ta dunƙule a gindin itacen, in ka gan ta sai ka ce dutse.

Sai Hankaka ya sauko, ya ga baki a buɗe, ya zura kai har wuya, ya cafki murjani, ya yunƙura zai tashi da jakar duka. Igiya ta ja, baki ya tsuke, caraf! Ya fizga, ta ƙara shaƙe shi.

Ya ce daga ciki, "Wayyo! Uwar Ƙaya, ki yi wa Allah!"

Bushiya ta warware, ta ce, "Ashe dai kan ya shiga. Ka ga da kyau? Ina sauran murjanin?"

"Ban san shi ba!"

Ta ce, "To." Ta koma ta zauna.

Da ya ji numfashi na neman ƙarewa, ya ce, "Yana kogon kuka, sama, hannun dama!"

Zabuwa ta tashi fir, ta kwaso shi duka, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Sannan Bushiya ta hau ta sassauta igiyar. Hankaka ya fizge kansa da ƙarfi, farin shafin ya yage ya maƙale masa a wuya da ƙirji, ga shi nan har yau bai iya cire shi ba.

Zabuwa ta zuba murjanin uwarta a jaka, jaka ta cika tim. Ta ja igiya ta tsuke, ta rataya a wuyanta, ta rungume Bushiya, ƙaya na sukanta ba ta ma ji ba. Ta rangaɗa guɗa har dajin ya amsa, tana cewa, "Inna ta dawo gida!"

Ku dai yara, in za ku yi wa wani kyauta, ku fara duba abin da ke sa shi kuka.

Ƙurunƙus, na tsuke bakin jakata.