Zanzaron Bencin Baya

An ce a wani gari da ke gindin dutse an yi wani shugaban mawaƙan coci mai suna Malam Gidiyon. Murya kam Allah ya ba shi, amma ga saurin fushi. Ran bikin godiyar girbi, mai ganga Barnaba, wanda taubashinsa ne ma, ya ɓata kiɗa sau biyu, sai Gidiyon ya juya ya sharara masa mari a gaban jama'a. Dattawan ikilisiya suka sa shi horo na wata shida: zama a bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tsarki da ake raba wa masu bi a coci.

Horo ya ƙare, Fasto ya sanar an karɓe shi. Amma Lahadi uku a jere Gidiyon na nan daram a bencin baya, mawaƙa kuwa kowa na jan waƙa inda ya ga dama. Aka zo makon Jibi, ya ƙudura ba zai ci ba.

Ran Asabar da la'asar ya shiga coci, ba kowa, ya zauna a wurinsa ya sunkuyar da kai. Sai ya ji wata siririyar murya daga ƙarƙashin benci: "Malam, ɗan janye ƙafarka, ka tare mini ƙofa."

Ya leƙa, sai ga zanzaro a bakin ɗakinsa na laka.

Zanzaro ya ce, "Maƙwabcinka ne. Wata shida muna tare, ko sannu ba ka taɓa ce mini ba. Na ji an yafe maka, me kake jira?"

Gidiyon ya ce, "Hannun da ya mari ɗan'uwa a ɗakin Ubangiji bai isa ya karɓi gurasa ba. Nan ne wurina."

"Haka Kefas mai haƙa rijiya ya ce."

"Wane Kefas kuma?"

Zanzaro ya ce, "Gyara zama ka ji. Kefas ya haƙa wa garinsu rijiya. Don gaggawa ya wuce wani yashi mai laushi bai ɗaure shi da dutse ba. Ruwan farko rijiya ta rufta. Mutanen gari suka yi faɗansu suka huce, suka ce ya sake haƙa wata. Ya ce shi da diga har abada. Ya sami tulu, ya dinga ɗebo ruwa daga rafi yana kai wa gida-gida kyauta. Da fari aka yi ta yabon tawali'unsa, amma mutum ɗaya ina zai shayar da gari? Rannan ya kai wa wata tsohuwa, Iya Damaris, ta ce, 'Mayar da ruwanka, ɗana. In na gan ka, Tabita nake tunawa.' Ya ce, 'Iya, me Tabita ta yi?'

"Tsohuwa ta ce, 'Tabita ta fasa randar uwarta, wadda uwar ta gada tun daga kakarta. Uwa ta yi kuka, ta share hawaye, ta sayo sabuwa, ta ce, Ga ta, 'yata, ke za ki riƙa cika ta. Tabita ta tura sabuwar randa bayan rumbu, ta ɗauki wani ɓari na tsohuwar, kullum da shi take zuwa rafi, ruwa na zuba mata a wuya. Matan gari suka fara cewa, Kai, uwar nan da riƙo take! Da maganar ta dawo gida, uwa ta zaunar da ita ta ce, Randa ta fashe sau ɗaya, na haƙura. Ke kuwa kullum safiya sai kin zaga gari kina shaida cewa ban iya yafewa ba.' Tsohuwa ta dubi Kefas ta ce, 'To, kai wa kake zagawa kana ɓata wa suna?'

"Kefas ya ajiye tulu ya ɗauki diga. Da haƙa ta yi zurfin gaba biyu, tun abokan aiki ba su lura ba ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce, 'Ku tsaya! Na san wannan yashin, ya taɓa kunyata ni. Ku kawo duwatsu.' Rijiyar nan har jikokinsa sun sha."

Zanzaro ya karkaɗe fiffike ya ce, "Ni ƙarami ne, Malam, amma daga nan ina ganin coci duka. Duk Lahadi Barnaba yana kiɗa yana waiwayen bencin nan. Na ji mata suna raɗa wai shi ne ya ƙi yafe maka. Wanda ya shirya Jibin kuma, da ya ce ka zo, ka ga alamar yana wasa?"

Gidiyon ya share ido. Sannan ya ce, "Ashe girman kaina ne na ɗinka wa rigar tuba. Na ji, maƙwabci. Na gode."

Bai bi ta gida ba, ya miƙe sai ƙofar Barnaba. Ya tarar da shi a zaure yana ɗaure fatar ganga. Barnaba ya ɗaga kai, ya dafe kunci ya ce, "A'a, taubashi! Ɗayan kuncin ka zo mari?"

Gidiyon ya durƙusa ya ce, "Gafara na zo nema, da bakina."

"Tun yaushe na yafe! Kai ne dai ka ƙi zuwa ka karɓa. Tashi, kada yara su gani su ce na zama sarki. Wace waƙa za mu ɗauka gobe?"

Suka zauna nan suna gwadawa. Barnaba ya ɓata kiɗa, wataƙila ma da gangan. Gidiyon ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya, ya ce, "Mu sake daga farko, ɗan'uwa."

Kashegari da aka miƙo masa gurasa, ya buɗe hannu ya karɓa. Iyakar abin da aka ba mu labari ke nan.