Ƙarar Satar Hantsi

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani Ƙadangare ne a cikin birni, kullum rana na fitowa sai ta sauka a katangarsa, ya sha hantsi. Da sanyi ya shigo, sai rana ta fara makara, ta bar katangar, ta koma bakin ramin maƙwabcinsa Kwaɗo.

Ƙadangare ya dafe ƙirji. "Kwaɗo, rana sukutum ka sace mini?"

Kwaɗo ya ce, "Ni da take busar mini da fata? Zo ka kwashe abarka!"

Ƙadangare ya kai ƙara wajen alƙali Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Sai na gani da idona. Ga ni nan tafe."

Wata shida yana hanya. Ranar da ya iso damina ta kama, rana ta yi sammako, ta zauna daram a katangar Ƙadangare.

Kunkuru ya zaro ido. "Wannan ce aka sace? A kan ƙarya ka taso ni? Fice daga katangar nan, na ba Kwaɗo!"

Kwaɗo ya ɗora hannu a ka. "Wayyo fatata! Ranka ya daɗe, ni me na yi?"

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunya.