Ƙullin Gizo a Wutsiyar Kifi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara kifi ya yi ƙaranci a bakin teku, har masunta suna komawa gida da kwando wayam. Kada, sarkin ruwa, ya tara su ya ce, "Kowa ya saƙa raga mai manyan idanu, ƙananan kifi su wuce su girma. Wanda ya bi doka, Zalɓe zai ɗaura wa kifinsa kaba a wutsiya. Kifin da ba kaba, kada a saya."

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama!" Amma da ya koma gida ya dubi ragarsa mai ƙananan idanu, sai ya ce, "Ni gwanin saƙa, in yi aikin 'yan koyo?"

Ya jefa ragarsa, ya kwashe kifi manya da ƙanana. Ya soye ƙananan, ya ɗaura wa manyan kaba da kansa, ya kai kasuwa.

Kyanwa ta zo saye, ta juya wutsiya, ta ce, "Malam Gizo, wa ya yi wannan ƙulli?"

"Zalɓe mana, Hajiya."

"Zalɓe da baki yake ɗauri, ƙullinsa a karkace yake kullum. Wannan kyau sai mai ƙafa takwas!"

Da labari ya kai kunnen Kada, sai ya kori Gizo daga teku. Kifi ya dawo, kowa ya ƙoshi. Shi kuwa Gizo har yau yana lungun ɗaki, ya shimfiɗa ragarsa, ƙuda yake kamawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi!