Dalilin da Ya Sa Raƙumin Dawa Ba Ya Magana

Dalilin da ya sa raƙumin dawa ba ya magana ya faro ne ranar Alhamis ta farko bayan saukar ruwan shuka, da hantsi. Wasu suna cewa Juma'a ce. Ba Juma'a ba ce. Ku gyara zama, yara, don an daɗe ana ba da labarin nan a karkace.

A wancan zamani dabbobi ba su da sunaye. Kowa "kai" ne ko "ke". In aka ce "kai, zo nan", sai rabin dawa ya waiwayo. Zan riƙa kiransu da sunayensu na yanzu don ku gane.

Shi wannan dogon da muke magana a kansa, Malam kawai ake ce masa, domin shi ya koyar da 'ya'yan dawa shekara da shekaru kafin ya ajiye aiki. A lokacin kuwa babu mai yawan magana kamarsa. Tsuntsaye masu ƙaura a kansa suke ya da zango, su ba shi labarin duniya, shi kuma ya juye wa yara. Daga bakinsa aka fara jin cewa a bayan teku akwai dabbar da take goyon ɗanta a cikin aljihun da ke jikinta. Akwai wata a ƙasar ƙanƙara da take kwanciya barci tun shigowar sanyi har fitarsa, ba ci ba sha. A cikin teku kuma akwai wata halitta da ta ninka giwa girma, siffarta ta kifi, amma nono take ba ɗanta. Malam yana da haƙuri da yara ƙwarai. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, a faɗi magana ba daidai ba. In ɗalibi ya ce jemage tsuntsu ne, to ranar ba a tashi da wuri.

Da ruɗanin "kai" da "ke" ya ishi Zaki, sai ya sa aka yi shela cewa kowa ya zaɓi suna, za a yi taro a bakin tafki. Ƙa'idar ita ce, mai suna ba ya faɗin sunansa da ƙarfi. Raɗa shi zai yi a kunnen maroƙi, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, jama'a su ce amin. In an ce amin kuwa, suna ya zauna ke nan.

Maroƙin shi ne Kwaɗo, don duk dawa babu mai maƙogwaro irin nasa. Tsohon ɗalibin Malam ne, kuma Malam yana ji da shi, sai dai tun yana aji bai taɓa iya buɗe baki ya ce "ban ji ba".

Malam ya kwashe rani guda yana zaɓen sunansa. Ya auna wannan ya ajiye, ya ɗanɗana wancan ya tofar, har ya samu wanda ya kwanta masa a rai. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar ta zo. Giwa ta miƙa hanci ta raɗa nata, Kwaɗo ya kumbura wuya ya ce, "Giwa!" Aka ce amin. Dorina ta raɗa, Jimina ta raɗa. Wani baƙo mai tozo da ya zo daga sahara ya durƙusa ya raɗa nasa, aka ce "Raƙumi!" Ya koma gefe yana tuƙa.

Sai Malam ya matso. Ya ware ƙafafun gaba, ya sauko da wuya a hankali. Amma gwiwa ta tsufa, bakinsa ya tsaya can sama da kan Kwaɗo. Ga Gwaggon biri yana ta dukan ganga, ga 'yan mata suna guɗa. Malam ya raɗa sunansa. Abin da ya iso kunnen Kwaɗo iska ce kawai mai ƙanshin ganyen ƙaya.

Malam ya ce, "Ka ji dai ko?"

Kwaɗo ya ce, "Sarai, Malam."

Ya ɗaga ido ya dubi dogon wuya da dogayen ƙafafu, ya saci kallon baƙon da ke tuƙa a gefe. Ya kumbura wuya ya ce, "Jama'a, sunan Malam... Raƙumin dawa!"

Dawa ya ɗauka gaba ɗaya, "Amin!"

Malam ya miƙe tsaye har gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ce, "Raƙumin wa? Ina tozona? Wa ya taɓa ɗora mini gishiri? Ku dubi zanen jikina, ku dubi nasa kamar tsohon buhu! Ina ƙahoninsa? Harshena yana zare ganye daga tsakiyar ƙaya ko ƙwarzane babu. Ni da na koya muku bambancin gada da barewa, yau ni za a ba aron suna?"

Raƙumi ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, "Ƙanena, ai ba abin kunya ba ne. Gidanmu gidan mutunci ne."

"Ni ba ƙanenka ba ne!"

Zaki ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya huci zuciyar Malam. An riga an ce amin."

Malam ya dubi taron, yawancinsu yaran da ya koyar, suna ta danne dariya. Ya ce, "To ku shaida. Na rantse ba zan ƙara cewa uffan ba, sai Kwaɗo ya tsaya a bainar jama'a ya ce ya yi kuskure, ya kuma faɗi sunana na gaskiya." Ya juya ya tafi, wuya a miƙe.

Washegari da safe Malam ya zo shan ruwa, sai ga Kwaɗo ya leƙo daga cikin ciyawa, ido ya yi jawur. Ya ce, "Malam, wallahi ban ji ba ne. Kunya ta hana ni in ce ka maimaita. Ka sake gaya mini, yau ɗin nan zan tara jama'a in gyara."

Malam ya ji tausayinsa. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna abin da ya rantse a kai. Ba zai yi magana ba sai an faɗi sunan, sunan kuma babu wanda ya san shi sai shi. Da wani ne, da ya yi tari ya faɗi sunan, a wuce wurin. Amma Malam bai taɓa barin ɗalibi ya karkatar da magana ba, balle ya karkatar da tasa. Ya rufe bakinsa. Ya zura dogon harshen nan ya share wa Kwaɗo hawaye, ya sha ruwansa ya tafi.

Kwaɗo ya ce shi kuwa sai ya canko sunan. Ya tara 'ya'ya da jikoki, duk damina suna bakin ruwa suna ta jefo sunaye, wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi nasa. Kukan da kuke ji ke nan.

Shi ya sa har yau raƙumin dawa ba ya magana, sai dai ya dube ka da manyan idanun nan nasa. In ya zo ruwa yakan ware ƙafafu ya sunkuyo, ya kasa kunne ko an dace, sannan ya ɗago a hankali.

Canken suna kam sai abin da Allah ya yi. Amma rantsuwar gaɓa biyu ce, kuma gaɓar farko ba ta buƙatar canke. A gaban taro aka ɓata wa Malam suna, haƙurin da aka ba shi kuwa a cikin ciyawa ne, ba shaida ko ɗaya. Saboda haka wata rana Kwaɗo ya fito daga ruwa, da rana tsaka, ya hau kan dutse inda kowa zai gan shi, ya kumbura wuyan nan ya ce, "Jama'a, na yi kuskure, ban ji ba. Malam, ka yafe mini."