Kalmar da Tasalla Ta Hana Aljani

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu na cin kasuwa ɗaya, an yi wani birni mai ƙofofi tara ana kiransa Zangarma. Sarkinsa Barmo ne, mutum mai kwarjini da tarin dakaru, wanda bai taɓa zama ya auna abu kafin ya aikata ba. A shekarar da aka naɗa shi rijiyoyin birnin suka ƙafe, ƙasa ta tsattsage, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin ƙofa. Ana cikin haka wani aljani mai suna Lasau, mazaunin kogon kukar da ke bayan ƙofar gabas, ya bayyana a fada da rana tsaka.

Ya ce, "Ya kai sarki, zan buɗe maka idon ruwan da ba ya ƙafewa. Ba na son zinariya, ba na son jinin bijimi. Duk kaka ka aiko mini mutum guda ya faɗi kalmar da ta fi masa daɗi a baki, in lashe."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Magana? Iskar baki? Na ba ka." Ko liman bai shawarta ba.

Ruwa ya ɓuɓɓugo. Da kaka aka tura sarkin maroƙa, ya tsaya gaban kuka ya ce "ƙyalƙyala", don yana son yadda take tsalle a maƙogwaro. Aljani ya lashe. Tun daga ranar babu bakin da ya sake iya furta ta, kuma kafin kwana arba'in dariyar ma ta janye jiki daga birnin. Wata shekarar aka lashe "lallashi", uwaye suka riƙa kallon jarirai na kuka hannunsu a sake. Aka lashe "guɗa", biki ya koma kamar zaman makoki. Ranar da aka lashe "sannu" kuwa, mutane suka fara wuce juna a hanya kamar jakuna. Ƙarya ba ta yiwuwa, domin aljanin na da tasar tagulla cike da ruwan da ke sauyawa in an yi ƙarya. Wani mahauci ya yi wayo ya ce "tsakuwa", ruwan ya zama jini, mahaucin ya faɗi matacce nan take. Wata mata kuma ta faɗi gaskiya, sunan 'yarta, yarinyar ta bushe a tsaye kamar kara, aka binne ta.

Sarki Barmo ya tsufa cikin nadama. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya warware wannan bala'i zai haɗa jininsa da nasa, ga kuma 'yarsa Gimbiya Ramlatu, wadda ta kori manema bakwai, ta rantse ba za ta shiga ɗakin miji babu guɗa ba.

A kaka ta talatin ƙuri'a ta faɗa kan Tasalla, wata tsohuwa mai kaɗin zare a unguwar marina. Ɗanta ɗaya ne a duniya, ɗan fari, marini mai shekara talatin da huɗu. Kamar kowace uwa mai kunya, tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai wancan" take ce masa, a gaban mutane kuwa ko kallonsa ba ta yi. Sai dai babu safiyar da ba ta juya sunan a baki ba, leɓe a rufe, kamar mai tsotson dabino. Ta ƙudura a ranta sau ɗaya za ta faɗe shi, ranar da mutuwa ta zo ɗaukarta.

Ɗan ya durƙusa gabanta da hannuwa shuɗɗa saboda baban rini. Ya ce, "Inna, ki bar ni in tafi a madadinki."

Ta ce, "Kai wancan, rufe mini baki. In ka je me za ka ce? Inna za ka ce, ka kashe uwayen gari kaf. Tashi ka ɗauko mini mazarina."

Aka kai ta fada don sallama. Sarki ya fara jawabin da yake yi wa kowa, ta katse shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka sayar da abin da ba naka ba, kuma ba ka san kuɗinsa ba. Shekara talatin kana aika bakunan talakawa, naka yana nan a cikin amawali. Ni zan tafi, amma ba don kai ba." Dogarai suka zabura, sarki ya ɗaga hannu, ya sunkuyar da kai.

Rana na tsaka ta isa gindin kuka. Wurin ba tsuntsu, ba ƙuda, sai ƙasusuwa da farar ƙasa. Lasau ya fito daga kogo, dogo, ƙasusuwan haƙarƙarinsa a waje, kunnuwansa kamar faifai, harshensa na jan ƙasa. Ya dire tasar tagulla a gabanta.

Ya ce, "Faɗi, tsohuwa."

Tasalla ta zauna a kan saiwa, ta ciro auduga, ta murza mazari a cinya. Ta ce, "Saurin me kake? Kalma ashirin da tara ka ci, ga ka kamar karen da ya yi jinya. Wacce ce har yanzu kake jin daɗinta a baki?"

Aljani ya ce, "Babu. Da na haɗiye sai ta zama toka."

Ta ce, "Ai dole. Tawa shekara talatin da huɗu tana bakina, ban taɓa barinta ta fito ba, kuma kullum zaƙi take ƙarawa."

Lasau ya leƙa tasa. Ruwan na nan garau.

Ya ce, "Yaya take?"

Ta ce, "Farkonta zuza take, kamar ƙudan zuma ya shigo ɗaki. Sai leɓe ya haɗu ya rabu, baki ya buɗe kamar an yaye labule. A ƙarshe harshe ya taɓa ganɗa sau ɗaya, ta gangara a hankali, kamar mai sauko da tulu daga ka." Miyau ya dalalo wa aljani har ƙasa ta yi hayaƙi.

"Faɗe ta! In ba haka ba in murɗe wuyanki!"

"Murɗe. Da ni za a binne ta." Ta ci gaba da kaɗi. "In kuma na faɗa, ka lashe, gobe toka ce. Ga abin da zan yi maka. Ka amayar da ashirin da taran nan, ka bar ruwa ya ci gaba da gudu, kada ka ƙara neman bakin kowa. Ni kuma in ba ka muryata gaba ɗaya, kalmar na ciki, ba a taɓa ta ba. Ka ajiye ta yadda na ajiye. Ran da ka buɗe, ran nan ta ƙare."

Lasau ya kewaya kuka sau uku yana gurnani. Bai taɓa mallakar abin da ba ya ƙarewa ba. Ya ce, "Na yarda."

Ta sa shi ya rantse a kan tasa, ruwa bai sauya ba. Sannan ta dubi wajen birni, ta juya sunan a baki sau ɗaya, ta miƙa masa mazarin. Ya zura farce cikin maƙogwaronta, ya jawo muryar siririya kamar zare, yana naɗewa, tana jin zafi kamar ana zare mata jijiya, har ya kai ƙarshe. Ya tura cikin gora ya toshe da danƙo. Sai ya durƙusa ya yi ta kakari, kalmomi na fita daga bakinsa kamar garken tsuntsayen jan baki, suka nufi birni.

A ƙofar gabas wata mai fura ta ga Tasalla tafe da jini a haɓa. Ta ce, "Sannu, Iya." Sai ta dafe bakinta, ta fashe da kuka. Tasalla ta gyaɗa kai kawai.

Birni ya farfaɗo, amma mahauci bai tashi ba, yarinyar da aka binne ba ta dawo ba. Sarki ya taka da ƙafarsa har unguwar marina, ya cire takalmi a ƙofar Tasalla, ya cika alkawari. Gimbiya Ramlatu ta ce ɗan wannan mata take so, ko da hannunsa shuɗi ne. Ranar ɗaurin aure Tasalla na zaune bayan zana cikin mata, ta ji maroƙi ya ɗaga murya: "An ɗaura auren Zubairu da Ramlatu!" Guɗa ta tashi daga ƙofofi tara. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar ba ɗanta ba, haka kunya ta gada.

Lasau bai taɓa buɗe gorar ba. Masu itace sun ce da rana tsaka sukan hango shi a gindin kuka, ya kara ta a kunne, ido a lumshe.

Bayan shekara bakwai ciwon ajali ya kama Tasalla. Zubairu na zaune a gefen tabarmarta, sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Leɓenta ya motsa, ya haɗu, ya rabu, baki ya buɗe. Babu sautin da ya fito.

Ya ce, "Na'am, Inna."